In Ka Ji Ciwo Wurin Aiki, Wa Zai Biya?

Kai mai karatu, a ce kai lebura ne wurin gini, ko kuwa kana juya inji a masaƙa. Wata rana tsani ya zame da kai, ka faɗi, ka karye a ƙafa. An kai ka asibiti. To, kuɗin magani wuyan wa ya hau? Kuma wa zai ciyad da iyalinka sa'ad da ka ke kwance?

A zamanin da, talaka ya kan ce ƙaddara ce, ya sayad da akuyarsa ya biya, mai aiki kuwa ya ɗauki wani a gurbinsa. Cikin shekarar 1941 aka fara kafa dokar diyyar ma'aikata a Nijeriya. Aka sake ta cikin 1987. Wadda a ke bi yanzu an yi ta cikin 2010, ta kuwa shafi ma'aikacin Gwamnati da na kamfani duka, ban da soja.

Ga yadda ta ke. Kowane mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata cikin wani asusu. Hukumar da a ke kira NSITF ita ke riƙe da shi. Daga nan ne a ke biyan magani da diyya. Lura da kyau: wannan kuɗi daga aljihun mai aiki zai fito. Doka ta hana ya yanke ko kwabo daga albashinka dominsa. Ta kuma hana ya sa ka yarda ka yafe diyyarka.

Ba rauni kaɗai a ke biya ba. Cutar da aikin ya jawo, kamar ciwon huhu na shaƙar ƙura, ko kurunta saboda ƙarar inji, duk suna ciki. Haka kuma haɗarin da ya same ka bisa hanya tsakanin gidanka da wurin aiki. In mutum ya rasu, iyalinsa ke karɓa.

Amma kai ma da naka nauyi. In ka ji ciwo, lalle ka sanad da mai aiki kafin kwana 14 su wuce. In ba ka iya tashi, wani naka ya je. Shi kuma kwana 7 gare shi ya sanad da hukuma. Nan ne iliminka zai yi maka rana. Ɗauki alƙalami ka rubuta ranar, da wurin, da yadda abin ya auku, da sunayen waɗanda suka gani. Adana takardun asibiti, kada ka yar da ko ɗaya. Kada ka sa hannu kan takardar da ba ka karanta ba.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani, gama ba kuɗin da zai mayar maka da hannun da inji ya yanke. Dokar masana'antu ta 1987 ta tilasta mai aiki ya kange inji mai haɗari, ya tanadi ruwan sha, da haske, da akwatin magani. Kai kuwa, in an ba ka hular kwano ko takalmi, ka sa, ko da ana zafi.

Gobe, in ka je aiki, tambayi shugabanka ko an rubuta sunan ma'aikatarku wurin hukumar nan. Sa'an nan ka karanta wa abokanka wannan darasi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.