Buroshin Aski: Yadda Ake Tada Kumfa da Yadda Ake Kula da Shi

Ƙorafi biyu ne suka fi yawa a bakin masu amfani da buroshin aski, wato ɗan buroshin nan mai gajeren mariƙi da tulin gashi wanda ake tada kumfar sabulu da shi kafin a ɗora reza a fuska ko a ka. Na farko shi ne kumfar ba ta zama, tana bushewa tun aski bai yi nisa ba, har reza ta riƙa kartar fata tana barin raɗaɗi da ƙuraje. Na biyu kuwa shi ne buroshin ba ya ƙarko, yana zubar da gashi, yana wari, ko ya sandare kamar tsintsiya bayan 'yan watanni. Akan ɗora laifin a kan sabulu ko a kan mai kanti, alhali kuwa tushen matsalolin biyu ɗaya ne, shi ne rashin sanin yadda ake bi da ruwa: yawansa, da zafinsa, da kuma fitar da shi bayan an gama.

Aikin ruwa a wajen aski

Gashin ɗan Adam an gina shi ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho, kuma ɗabi'arsa ce ya sha ruwa ya kumbura ya yi laushi. Busasshen gashin haɓa yana turjiya ga kaifin reza, amma idan ya jiƙa na minti biyu zuwa uku sai ya yanku ba tare da an danna ba. Wanzaman gargajiya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa zare aska daga zabira sai sun jiƙa kai sun murza shi da tafin hannu har ruwan ya ratsa. Kumfa ba ta zo da wani sabon abu ba illa riƙe wannan ruwan a jikin gashi har a kammala, tare da sanya santsi tsakanin ƙarfe da fata. Buroshi kuma shi ne ke haɗa ruwa da sabulu da iska wuri ɗaya, ya tura su gindin gashi, ya tayar da wanda ya kwanta.

Wannan batu yana da nauyi na musamman ga masu murɗaɗɗen gashi, kamar akasarin mutanen Afirka, domin irin wannan gashi idan an yanke shi da tsini, ko an kankare shi har ƙasa da fata, yakan lanƙwashe ya koma ya soki fatar, sai wurin ya kumbura ya zama ƙurajen aski, musamman a wuya da ƙarƙashin haɓa. Gashin da ya jiƙa sosai ba ya bukatar a maimaita reza sau da yawa a wuri ɗaya, kuma raguwar maimaitawa ita ce babbar kariya daga waɗannan ƙuraje.

Ire-iren gashin buroshi

Buroshin aski a siffar da aka san shi yau ya bazu ne daga Faransa a ƙarni na 18, kuma har yanzu kalmar blaireau a Faransanci tana nufin buroshin, tana kuma nufin dabbar da ake samun gashinsa daga jikinta, wato wata dabba mai haƙa rami 'yar dangin dage, wadda Turawan Ingila ke kira baja. Gashin wannan dabba, wanda akasarinsa daga ƙasar Sin yake fitowa a yanzu, shi ne iri na farko; yana da laushi, yana kuma riƙe ruwa mai yawa a tsakankanin silinsa, shi ya sa tsofaffin kamfanoni irin su Kent, wanda aka kafa a Ingila a 1777, da Simpson, wanda ya fara aiki a 1919, suka yi suna da shi. Na biyu shi ne gashin alade, mai kauri da tauri da araha, wanda ke shan ruwa cikin silinsa, kuma sai an yi makonni ana aiki da shi kafin bakinsa ya tsattsage ya yi laushi. Mai ƙyamar wannan gashi saboda addini ya kamata ya karanta kwali kafin ya biya kuɗi, domin yawancin buroshin araha masu launin ruwan madara da shi ake yin su. Na uku shi ne gashin doki, wanda kasuwarsa ta faɗi a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka samu mutane a Ingila da Amurka sun kamu da cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta hanyar buroshin da ba a tsabtace gashinsa ba kafin a ƙera shi. Na yau kuwa ana tsabtace shi, kuma kamfanin Vie-Long na ƙasar Sifen yana cikin masu yin sa. Na huɗu shi ne gashin roba da ake yi da nailan da makamantansa, wanda ba ya shan ruwa, yana saurin bushewa, kuma ya fi sauran jure sakaci.

Kowane iri aka ɗauka, ginin ɗaya ne: an tattara gashin an ɗaure shi ya zama ƙulli, an dasa gindin ƙullin cikin ramin mariƙi da gam mai ƙarfi. Faɗin gindin ƙulli yakan kasance tsakanin milimita 20 zuwa 28. A wannan gindin ne rayuwar buroshi take, domin gashin da ya tsinke daga can ba ya tsirowa, gam ɗin da ya saki kuma ba ya komawa yadda yake.

Yadda ake tada kumfa

Matakin farko shi ne jiƙa buroshi a ruwan ɗumi, irin wanda hannu zai iya zama cikinsa ba tare da an zame ba. Tafasasshen ruwa yana sassauta gam, yana murɗe bakin gashi, yana kuma iya tsaga mariƙin katako. Ana tsoma gashin ne cikin kofi har ruwan ya rufe kashi biyu cikin uku nasa, a bar mariƙin a waje. Na gashin alade yana bukatar minti uku zuwa biyar, na baja minti ɗaya ko biyu, na roba kuwa tsomawa ɗaya ta ishe shi. A daidai wannan lokaci mai aski yana wanke fuskarsa da ruwan ɗumi, ko kuma ya shirya askinsa bayan wanka, lokacin da gashi ya riga ya yi laushi.

Bayan an ciro buroshin sai a matse shi a hankali, a girgiza sau ɗaya ko biyu, ya zama yana da danshi amma ba ya ɗiga. Daga nan sai ɗibar sabulu, wato a riƙa juya bakin gashin a kan sabulun aski na kimanin daƙiƙa talatin, har sai an ga wani abu mai danƙo kamar man shafawa ya cika bakin. Idan man aski na bututu ne, ɗigo mai girman ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu ya wadatar. Sabulun wanka ba ya maye gurbin na aski, domin na aski yana da yalwar wani kitse da ake kira sitiyarik, wanda ke sa kumfa ta yi kauri ta daɗe, shi kuwa na wanka kumfarsa manya-manyan ƙwayoyi ce masu saurin fashewa.

Sai kuma ainihin aikin, wanda za a iya yi a ƙaramin kwano, ko a tafin hannu, ko a fuska kai-tsaye. Ana juya buroshin ana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo da yatsu, ana dakatawa bayan kowane ƙari har ya shige kafin a sake wani. A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Wanda ya yi rowar ruwa zai ga kumfarsa ta yi fari fat, ta bushe kamar farar ƙasa, tana tsattsagewa a kumatu tana toshe reza. Wanda ya zuba ruwa a tashi ɗaya kuma zai ga manyan ƙwayoyin iska suna fashewa, kumfar tana kwarara a wuya, fata tana bayyana ta ƙarƙashinta. Kumfar da ta yi daidai tana da sheƙi, kaurinta kamar na kindirmo, ba a ganin ƙwayoyinta da ido, kuma idan an ɗaga buroshi tana tsayawa da ɗan tsini mai lanƙwasa kai. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a murza ta tsakanin babban yatsa da manuni: idan yatsun suna sulɓewa, har bayan an share kumfar santsin bai tafi ba, to ta nuna. Maganin busasshiya ƙarin ruwa, maganin tsinkakkiya ƙarin sabulu, kuma duka aikin ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu.

Wajen shafawa a fuska, bakin gashin ne ke aiki, saboda haka ba a danna buroshi har ya baje kamar naman kaza, domin dannawa tana karya gashin tsakiyar ƙulli, sannu a hankali rami ya bayyana a wurin. Ana fara juyawa a hankali don kumfa ta shiga gindin gashi, sannan a daidaita ta da shafa irin ta mai fenti. A lokacin hunturu, da iska ke bushe komai cikin ƙanƙanen lokaci, ya fi kyau a shafa ɓangare ɗaya a aske, sannan a koma ɗaya ɓangaren.

Idan an bi duk waɗannan matakai kumfa ta ƙi tashi, to a tuhumi ruwan. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam masu yawa, waɗanda ke haɗuwa da sabulu su zama wani farin guggubi maimakon kumfa. Alamarsa ita ce farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar dafa ruwa. Kofi ɗaya na tataccen ruwan sama ya isa aski guda, ko kuma a ƙara yawan sabulun da ake ɗiba.

Kula da buroshi bayan aski

Buroshi ba ya lalacewa a lokacin da ake aiki da shi kamar yadda yake lalacewa a sa'o'in da yake ajiye. Da zarar an gama, a wanke shi da ruwan ɗumi, bakinsa yana kallon ƙasa, ana buɗa gashin da yatsu ana matsawa a hankali, har sai ruwan da ke fita ya zama garai babu alamar fari. Sabulun da aka bari a gindin ƙulli yana bushewa ya daskare, ya sa gashi ya yi gautsi yana karyewa. Bayan wanki a matse da yatsu ba tare da murɗawa ko ja ba, a yarfe ruwan, a goga bakin a busasshen tawul kamar ana shafa fenti. Sannan a ajiye shi a sarari inda iska ke wucewa, ko a tsaye a kan gindin mariƙinsa ko a rataye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne iskar, ba yadda aka tsayar da shi ba. Jefa jiƙaƙƙen buroshi cikin jaka, ko leda, ko aljihun tebur, shi ke jawo wari da funfuna, musamman da damina. Ba a shanya shi a rana mai zafi, ba a kuma kusantar da shi ga wuta. Mai aski kullum da buroshin gashin dabba zai amfana da mallakar guda biyu, yana hutar da ɗaya har ya bushe sarai.

Sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu, ya danganta da irin ruwan gida, buroshi yana bukatar babban wanki. Ana fara wanke shi da ɗigon sabulun wanke kai mai sauƙi don cire maiƙo, sannan a jiƙa gashin na kimanin minti goma a ruwan ɗumi da aka sirka da ruwan khal, ma'auni ɗaya na khal cikin biyar na ruwa, domin tsaminsa ya narkar da guggubin da ya maƙale. Bayan an ɗauraye sosai ana iya taje shi da mataji mai faɗin haƙora, daga baki a gangara zuwa gindi. Ruwan bilic da garin sabulun wanki suna cinye gashin dabba, don haka a nisanta su da shi. Sabon buroshi yakan zubar da 'yan sili a makonnin farko, yakan kuma yi ɗan warin dabba wanda ke gushewa bayan wanki kaɗan, kuma wannan ba aibi ba ne. Amma idan zubar ta ci gaba har watanni, ko ƙullin ya fara motsi cikin mariƙi, to gam ya saki, lokacin sauyi ya yi.

Buroshi kayan mutum ɗaya ne, kamar reza da asuwaki, domin yana bin fatar da aka ɗan yanka yana kuma riƙe danshi a cikinsa. Mai shagon aski da ke hidimar mutane da yawa a rana ya fi dacewa ya tada kumfa a kwano ya shafa da tsabtataccen hannu, ko ya tanadi buroshin roba da yawa, yana wanke kowanne da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya taɓa fuskar wani.

Tun da aka fara sayar da kumfar gwangwani a Amurka a 1949, mutane da yawa suka ajiye buroshi saboda sauri, amma gwangwani ba ya murza ruwa cikin gashi, ba ya kuma barin mai aski ya daidaita kumfa da yanayin fatarsa ko na garinsa. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a aikace wannan zafi na ƙarshe yakan zo ne a lokacin da kumfa ta bushe, fata ta gaji da karta. Wanda ya ba gashinsa minti uku na jiƙa, ya ba kumfarsa ruwa ɗigo-ɗigo, ya kuma ba buroshinsa minti ɗaya na ɗauraya da wuri mai iska, zai tashi daga aski fatarsa lafiya, buroshin kuma ya yi masa shekaru yana aiki.