Darasi: Gigin Tsufa da Amanar Bai wa Tsoho Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, Allah Maɗaukaki Ya sanar da mu a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa daga cikinmu akwai wanda ake mayar da shi ga mafi raunin shekaru har abin da ya sani ya ɓace masa. Wannan shi ne gigin tsufa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, mafi yawanta nau'in da likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Saboda haka tsohuwar da ta fita cikin dare tana sambatu majinyaciya ce, kuma jifanta da maita zalunci ne mai girma.

Ga abin da ma'aikatan jinya suke karantarwa:

1. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Irin su donepezil da memantine sassauci kawai suke kawowa, kuma likita ne ke rubuta su.

2. Mutum guda amintacce shi zai riƙe maganin, ya ba da shi da hannunsa a kan lokaci, domin majinyacin yakan manta ya sha, ya sake sha. A haɗa lokacin da salla, kamar bayan Asuba ko Isha'i, gwargwadon umarnin likita.

3. Garinmu Ɗan Issa yana kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ƙwayoyi na yawo a faranti cikin rana. Kada a sayo wa tsoho ƙwayar barci irin su diazepam don a huta da shi. Tana ƙara ruɗewa, tana kayar da shi ya karye.

4. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi, wata cuta ce daban mai magani. A gaggauta kai shi likita, nan gari ko Madarunfa.

Game da rigakafi, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da zaman kaɗaici. To, a riƙa awon jini tun ana da ƙarfi, kuma kada a yanke dattijo daga masallaci da zaure.

Hukunci kuwa, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa salla da azumi, kada a tsananta masa. Nauyin yana kanmu mu ƴaƴansa, maza da mata, kada a bar wa suruka ita kaɗai. Ko da uba ya manta sunanmu, haƙƙinsa bai faɗi ba.

Allah Ya jiƙan mahaifanmu, Ya sa mu gama da hankalinmu da imaninmu. Wallahu a'alamu.