Wankan Tsoho: A Gyara Bayi Kafin a Nemi Mai Ɗori

Aikina gashin ƙashi ne da koya wa gaɓɓai motsi bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma yawancin majinyatana daga ƙasar Madawa, Buza da Keita suke fitowa. Duk tsohon da aka kawo mini da karayar ƙugu, tambayar farko da nake yi wa masu jinyarsa ita ce inda ya faɗi. Amsar takan zo da murya ƙasa-ƙasa, don wurin ba wanda ake son ambata a gaban mutane ba ne: a bayi. Ya kewaya da asuba, ko ta shiga wanka da hantsi, aka ji shiru ya yi yawa, aka leƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikin mamatan. Rahotonta na 2007 ya ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, hankalin ma'aikatan lafiya yana kan yara da masu ciki, kuma da dalili. Su ne ma tsarin magani kyauta na 2006 ya shafa. Lafiyar tsoho tana hannun 'ya'yansa, to su kuma 'ya'yan maza, a ƙasar Adar, da an gama girbi sun kama hanyar Abijan, Legas, Agadas ko Libiya. Ana barin tsoho da tsohuwa da matan 'ya'ya da jikoki ƙanana.

Su wa ake bari ɗin? Matan da suka yi dakon duwatsu a ka lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, yau su ne kakanni. Mazan da suka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun daga 1975, da waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a duƙe cikin fadamar albasa, su ne masu dogara sanda. Gwiwa ta cinye, baya ya ranƙwafa, yanar ido ta rufe gani. Mace kuma, bayan ɗaukewar al'ada, ƙashinta yana raguwa a hankali ba tare da ta ji ciwo ba, har ya kai faɗuwar da yarinya za ta tashi ta kakkaɓe zane, ita ta karye.

Kwanan baya wani ɗan cin rani ya nuna mini bidiyo a wayarsa, yana tambaya ko ana samun abin a Yamai ya saya wa mahaifiyarsa. Bahon wanka ne irin na Turai da Amurka, mai ƙofa a gefe. Tsoho ya buɗe, ya shiga ba tare da ya ɗaga ƙafa sosai ba, ya zauna a kan kujerar da aka gina a ciki, ya rufe ƙofar, ya kunna famfo. Akwai mariƙai a bango, ƙasan kuma ba ya santsi. Na yaba wa yaron niyyarsa, sannan muka yi lissafi. Bahon yana shan ruwa lita 150 zuwa 300 a wanka ɗaya, wato bido shida zuwa goma sha biyu na lita 25. A ƙauyukan da ke kan tudun Buza da Keita, inda rijiya ke da zurfi kuma jaki ke jigilar ruwa da bazara, wannan ruwan gida guda ne na yini. Kuɗinsa a Amurka yana kamawa daga dala dubu biyu zuwa sama da dubu goma, mafi araharsa ke nan ya haura sefa miliyan ɗaya, ban da kuɗin kawowa. Yana son famfo mai ƙarfi da na'urar ɗumama ruwa. Ko a can ma yana da aibi: ƙofar ba ta buɗuwa sai ruwa ya tsiyaye, don haka tsoho zai zauna tsirara yana jiran ya cika, ya sake zama a jiƙe yana jiran ya zube. A lokacin ɗari, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da shi.

Sai dai mai ƙera bahon ya gane abubuwa uku da ya kamata mu ɗauka: tsoho ya yi wanka a zaune, kada ya tsallake komai, kuma hannunsa ya sami abin riƙewa. Duk ukun, magini da mai walda na kasuwar Madawa za su iya yi da siminti buhu ɗaya ko biyu da guntun bututun ƙarfe.

Abin takaicin shi ne kuɗin da 'ya'ya ke aikowa don gyaran bayi sau da yawa akasin haka yake sayowa. Yaro ya ga banɗakin gidan uban gidansa a Abijan, ya aiko a shimfiɗa wa Baba tayil mai sheƙi daga ƙofa har bango. Ana gamawa a ɗauki hoto a tura masa, kowa ya sa albarka. Tayil mai sheƙi in ya haɗu da ruwan sabulu, ba shi da maraba da miyar kuɓewa da ta zube a faranti. Tsohon bayin mai tsakuwa da fale-falen duwatsu, duk da rashin kyan ganinsa, ya fi shi riƙe ƙafa. Maginin kuma yakan ɗaga dokin ƙofa don kada ruwa ya fito tsakar gida, ya zama tsoho mai jan ƙafa sai ya tsallake tudu da jiƙaƙƙen silifa.

Ga yadda faɗuwar ke aukuwa, don in an gane ta an gane maganinta. Tsohuwa ta shiga da bokiti a hannu ɗaya, soso da sabulu a ɗayan, ta jingine sandarta a waje. Ta tsuguna, ko ta zauna a kan 'yar kujerar tsugunno da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ta watsa ruwan ɗumi, jijiyoyin jini suka buɗe, jini ya taru a ƙafafu. Da ta yunƙura za ta miƙe, jinin bai kai kai da wuri ba, jiri ya ɗebe ta. In tana shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, abin ya fi tsanani. Ta kai hannu, abin da ke kusa zana ne ko katangar laka mai laima ko igiyar shanya. Wani lokacin ma ba jiri, tsayuwa a kan ƙafa ɗaya don cuɗa ɗayar, ko don sa wando, ita ce ke kayar da mutum. A tuna kuma tsohon Musulmi ba sau ɗaya yake shiga wurin nan a yini ba. Tsarki da alwala sau biyar, ga fitsarin dare da ke tayar da dattijo sau biyu ko uku, a cikin duhu, da magagin barci.

Farkon gyara wurin zama ne. A gina dakali a jikin bango, tsayinsa santimita 45 zuwa 50, daidai inda in tsoho ya zauna tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, ƙugunsa kuma bai yi ƙasa da gwiwa ba. Daga wannan tsayin mutum yana tashi da ƙarfin cinyarsa. A gina wani ƙaramin dakali a gefe don bokiti, yadda zai kamfaci ruwa da moɗa ba tare da ya sunkuya ba. In ba halin siminti, kujerar katako mai faɗin ƙafafu ta wadatar. Farar kujerar roba ta taron biki kuwa ina hana ta: rana na cinye ta, ƙafafunta na bajewa a kan ruwa, kuma ba ta sanarwa kafin ta karye. Turmin da aka kifa shi ma yana mirginawa.

Sai mariƙi. Bututun ƙarfe mai kaurin da hannu zai zagaye, a dasa shi a tsayin santimita 80 zuwa 90, kusa da dakalin, wani kuma a bakin salga. Katangar laka ba ta riƙe ƙusa, don haka a haƙa rami a kafa ƙafafun ƙarfen a ƙasa da siminti. In ƙarfe ya yi tsada, gungumen itace mai ƙwari da aka binne da zurfi yana aiki, muddin ana duba shi saboda gara. Gwajin da nake sa a yi mai sauƙi ne: ƙaton gidan ya rataya da dukan nauyinsa. In ya motsa, ba a gama ba.

Daɓen kuma, a ce wa magini kada ya goge shi da cokali har ya yi sulɓi. Tun simintin yana ɗanye a ja tsintsiya a kai, ya bar zane-zane. A karkata shi kaɗan wajen rariya don kada ruwa ya kwanta, gansakuka ta fito. Wanda ya riga ya sa tayil, ya nemi shimfiɗar roba mai huji-huji, ko a cire na wurin tsayuwa kawai. A rushe tudun ƙofa, a mayar da shi gangara. Ƙofa ta buɗe waje, don in mutum ya faɗi a bayanta ba sai an ɓalle ta a kansa ba, kuma tsoho ya daina sa sakata. Fitila mai aiki da hasken rana a rataye a hanya, a kawar da turken akuya da igiya da murhu daga tsakanin ɗaki da bayi. Wanda tsuguno ya gagara, kafinta ya huda kujera a ɗora a bakin salga. Da dare a ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki. Da damina a duba rufin tsohuwar salga mai azara, don ruwa da gara suna cin ta ta ƙasa.

Abin da ya fi siminti wuya shi ne kunya. Bayan faɗuwar farko, ko da ba a karye ba, gida yakan yanke hukunci: daga yau Baba ba zai ƙara shiga wanka shi kaɗai ba. To wa zai shiga da shi? Ɗansa yana Libiya. Matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta faɗi? Dattijon da ya aurar da 'ya'ya goma ba zai tuɓe a gabanta ba, ita ma ba za ta iya ɗaga ido ba. Sai ya ce ba ya jin zafi, ya yi jiya, sanyi ake yi. Mako ya wuce. Fata ta soma ƙaiƙayi, matsematsi ya sabule, wari ya fito. Shi da kansa ya ji, ya daina zuwa masallaci, ya daina fita majalisa, ya kwanta. Ƙafar da ba ta tafiya kuwa tana rasa ƙarfi cikin 'yan makonni, sai faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko. Wani dattijo daga wajen Buza, da na tambaye shi dalilin ƙin wanka, ya ce mini: "Ɗana, ruwa ba ya ba ni tsoro. Ranar da aka riƙe mini buta, ranar na gama zama maigida."

Shi ya sa nake gaya wa iyalai su raba aikin. Jika ya kai ruwa, ya ajiye sabulu da tawul inda hannu zai kai, ya raka shi har dakali, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana jin motsi. Wankan kansa a bar wa mai shi. Soson raga mai tsawo yana kai wa baya da ƙafafu ba sai an duƙa ba. Ya goge jiki, ya sa tufafi a zaune, ya ɗan jira, ya kama ƙarfe, sannan ya miƙe. In har sai an taimaka, namiji ga namiji, mace ga mace, da zane a rufe da abin da ba a wankewa a lokacin. Alwala ma a zaune ake yin ta a kan dakalin nan. Ranar da jiki ya ƙi, addini ya yi sauƙi da taimama, kuma na ga tsofaffi sun fi karɓar wannan magana daga bakin limaminsu fiye da nawa, don haka a roƙi malam ya leƙo.

Ruwan zafi na hunturu yana da nasa haɗarin. Mai ciwon suga da ya daɗe, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba sa jin zafi sosai a ƙafa, sai su ƙone ba su sani ba. Mai sirka ruwan ya gwada da gwiwar hannunsa. Kada a shigar da kaskon garwashi ɗakin da aka rufe don a ɗumama wa tsohuwa wurin wanka. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kisa. A jira rana ta ɗaga. Wanda jiri ke yawan ɗibarsa, a kai shi likita da kwalayen magungunansa duka a auna jininsa a kwance da a tsaye. Yanar ido kuma aiki ake yi mata, gani ya dawo.

In an riga an faɗi, kada a ɗaga shi ta hammata a ce ya gwada takawa. A dube shi a kwance. In yana kukan ciwo a kwankwaso ko matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarce, tafinta ya juya waje, a ɗauka ƙugu ya karye. A rufa masa zane, a sa matashi tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare a hankali, a zura shi kan ƙyaure ko katako, a nemi mota. In ya bugi kai, ya yi amai ko ya rikice, ko da bayan kwana biyu ne, shi ma maganar likita ce. Ina girmama masu ɗorinmu, na ga karayar hannu da ta ƙwauri da suka ɗora ta kama. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin tsoka, kara da tsumma ba sa kai gare shi, ja da murɗawa kuma na iya tsinka 'yan jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini. Ko a ƙasashen da ake yin tiyata da wuri, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a nan ba sa cika shekara, kuma abin da ke ɗauke su doguwar kwanciya ce: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini a ƙafa. A fara da likita mafi kusa don a rage zafi a ba da takardar turawa. Daga Madawa da Buza a nemi hoton ƙashi a asibitin gunduma ko na Galmi, daga Keita kuma babban asibitin Tawa ya fi kusa, kuma a kama hanya a ranar, kada a jira kuɗin Abijan su iso.