Baki, Gado da Ido: Ma'anar Zahiri da ta Adon Harshe a Fassarar Kalmomin Gulbi a Kwarin Rima

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasu kalmomin Ingilishi da suka shafi gulbi, ta auna su da takwarorinsu na Hausa kamar yadda ake amfani da su a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. An lura cewa kalmomi biyu kan dace a ma'anarsu ta zahiri, su rabu a ta adon harshe, kuma a nan ne mai fassara ya fi yin tuntuɓe. An jawo misalai daga harshen Katalan na ƙasar Sifaniya domin kwatance.

1.0 Gabatarwa

Malaman balaga sun daɗe da raba ma'anar kalma gida biyu, haƙiƙa da majazi. Haƙiƙa ita ce ma'anar da aka ajiye kalma dominta tun asali, majazi kuwa shi ne aron kalmar a kai ta wani muhalli saboda wata kama. Lakoff da Johnson (1980) sun nuna cewa irin wannan aro bai tsaya ga mawaƙa ba, yana cikin maganar kowa ta yau da kullum, har mai magana ya daina jin sa a matsayin aro. Wanda ya ce ‘gindin dutse’ ba ya tuna jikin mutum ko kaɗan.

An zaɓi wannan yanki ne domin rayuwarsa ta rataya ga ruwa. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo, inda aka kammala madatsar ruwa a 1984, ya gangaro ta Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837. Rabah kuwa tana kan gulbin Sakkwato. Noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama, ko ‘hwadama’ a bakin mutanen wurin, ya sa bayanan hukuma game da ruwa sun zama abin saurare, alhali yawancinsu da Ingilishi ake fara rubuta su. Ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima har ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta isa ta nuna nauyin da ke kan mai fassara irin waɗannan bayanai.

2.0 Baki

Duk ƙamusun da aka buɗe, daga na Bargery (1934) zuwa na Ma Newman (1990), zai haɗa kalmar ‘mouth’ da ‘baki’, kuma daidai ne a haƙiƙa. Harsunan biyu duk sun ari kalmar sun ba gulbi, amma kowanne ya aza ta a wuri daban. Mai jin Ingilishi ya ɗauki baki a matsayin kafa, saboda haka ‘mouth of the river’ shi ne wurin da gulbi yake juye ruwansa cikin teku ko wani gulbin da ya fi shi. Bahaushe ya ɗauki baki a matsayin gefe ko iyaka, kamar a ‘bakin hanya’ da ‘bakin kasuwa’ da ‘bakin zane’. Don haka ‘bakin gulbi’ shi ne gaɓa, inda masunci yake ɗaure jirginsa, mai lambu ya kafa injin ban ruwa.

Kuskuren da ke nan yana tafiya ta fuska biyu. Idan manomin Wurno ya ce gonarsa tana bakin gulbi, aka mayar da maganarsa Ingilishi kalma da kalma, to an ɗauke gonar an kai ta jihar Kebbi, inda ruwan Rima yake faɗawa cikin Kwara. Idan kuma takardar Ingilishi ta yi gargaɗi game da ‘mouth’, mai fassara ya ce ‘bakin gulbi’, to ya tayar da hankalin duk mazauna gaɓa tun daga Goronyo har Sakkwato a kan abin da bai shafe su ba. Abin da ya dace a nan shi ne ‘mahaɗar ruwa’ ko a yi bayani a fili. Takwarar ‘bakin gulbi’ a Ingilishi ita ce ‘bank’. Ya kamata a lura cewa dacewarta da sunan ma'ajiyar kuɗi ba majazi ba ne, kalmomi ne biyu masu kama da juna a furuci, kuma Hausa ta biyun kaɗai ta ara ta ce ‘banki’.

3.0 Gado da Ƙafa

Ingilishi yana kwantar da gulbi a kan gado, ya ce ‘river bed’. Yana kuma kiran kowane yanki na lambu da wannan suna. Bahaushe bai ga gado a ko ɗaya ba. Na farko ‘cikin gulbi’ ne, inda ake haƙa rijiyoyi da rani bayan ruwa ya janye. Na biyu kuwa mai noman albasa yana da sunansa tuntuni, ‘fangali’ ko ‘komi’. Haka ‘foot’ ta madatsa ko ta tudu take komawa ‘gindi’ a Hausa.

A waɗannan wurare Katalan ta bi sahun Ingilishi: tana cewa ‘llit del riu’, wato gadon gulbi, da ‘peu de la muntanya’, ƙafar dutse, kuma sunan mahaɗar ruwa, ‘desembocadura’, daga ‘boca’ ya fito, wato baki. Mai fassara tsakanin waɗannan harsuna biyu na Turai zai iya bin kalma da kalma ya tsira. Wannan ne ya sa darussan fassara da aka gina a kan harsunan Turai ba su cika jan kunne a kan wannan rami ba, kuma mu da muke koyarwa da su mun gaji shirun nasu.

4.0 Ido

Sai dai zumuntar harsuna ba ta isa ta zama ma'auni ba. Bahaushe yana kiran maɓuɓɓuga ‘idon ruwa’, Balarabe ma da kalma ɗaya, ‘ain’, yake kiran ido da maɓuɓɓuga. A yankin Balensiya, masu magana da Katalan suna kiran maɓuɓɓugan tafkin Albufera ‘ullals’, daga ‘ull’, ido. A nan Katalan ta bar maƙwabciyarta ta tsaya tare da Hausa da Larabci, domin Ingilishi ‘spring’ yake cewa, siffar da ya ɗauko daga tsalle. Inda shi ya ga ido, a jikin allura, Bahaushe kafa ya gani, wasu ma su ce ‘hancin allura’.

Akwai kuma majazin da Hausa take da shi wanda Ingilishi ba shi da gurbinsa. ‘Gulbi ya kawo’ jimla ce cikakkiya a Rabah ko Goronyo, ba a bukatar faɗin abin da ya kawo. ‘Ruwa ya ci’ tana ɗaukar gona da gida da mutum, kuma nauyinta yana sauyawa da abin da aka ci: gonar da ruwa ya ci tana iya dawowa baɗi, mutumin da ruwa ya ci ya rasu. Ingilishi yana raba waɗannan da aikatau daban-daban, ‘flood’ ga gona, ‘drown’ ga mai rai. Sanarwar da ta ce ruwa zai ci ƙauyukan da ke ƙasa da madatsa tana bukatar ƙarin jimla da za ta fayyace ko gonaki ake nufi ko gidaje, sannan ta ambaci ƙauyukan da sunayensu, tun da ‘ƙasa da madatsa’ ita kanta fassara ce ta ‘downstream’ wadda mazaunin Wurno zai iya ɗauka cewa gindin ginin kawai ake nufi.