Amsar Tambaya: Abincin kyanwa na kanti

Tambaya: Ina saya wa kyanwata abincin leda a kanti, amma sai ƙara ramewa take yi. Yaya zan gane mai kyau? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, juya ledar ki karanta bayanta. Ana jera kayan haɗin ne bisa nauyi, mafi yawa a farko. In kika ga masara ko alkama a gaba, nama can ƙarshe, mayar musu da kayansu. Kyanwa maciyar nama ce. Jikinta na bukatar sinadarin taurin, wanda ake samu a nama da kifi, kuma rashinsa na jawo makanta da ciwon zuciya. Shi ya sa abincin kare ba ya wadatar da ita, ko da ya fi araha.

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ki sansana. Warin mai da ya daɗe ko alamar hunhuna sun isa ki zubar, domin hatsin da ya yi hunhuna kan ɗauki guba mai lalata hanta. Wanda ake aunawa a buɗaɗɗen buhu, ni dai ban yarda da shi ba. Kada tsada ta ruɗe ki: a 2007 an janye abincin dabbobi masu suna da yawa a Amurka saboda gubar melamin.

Sabon abinci ki riƙa gauraya shi da tsohon har mako guda, ki ajiye mata ruwa kullum. In ramar ta ci gaba, kai ta wurin likitan dabbobi a duba tsutsar ciki.