Darasi na 12: Lalle Bayan Fure Ya Kaɗe

Akwai lalle a gidaje da yawa na ƙasar Daura. Wasu sun dasa shi a bayan ɗaki, wasu a bakin garka. Yakan yi fure ƙanana, farare, masu ƙanshi. In furen ya kaɗe sai 'ya'ya su fito kamar masoro.

To, a nan ne mutane ke yin kuskure. Sai su ƙyale itacen haka nan. Ƙarfinsa ya tafi wajen 'ya'ya, rassa su tsufa su yi ƙaya, ganye ya ragu. Ganyen kuwa shi ne kuɗin.

Na ga wata tsohuwa a wani ƙauye wajen Zango. Da hunturu ya yi, lallenta ya zubar da ganye. Ta ce ya mutu, ta sa aka tumɓuke. Da bikin jikarta ya zo, sai da ta sayi lallen ƙunshi a kasuwa. Da ma ta kankare bawon da farce. In ta ga kore, itace yana da rai.

Ga yadda za ka yi. Da kaka, in ruwa ya ɗauke, kada ka jira ganye ya zube. Sami lauje mai kaifi ka yanke rassan. Bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Kada ka karya da hannu, gama reshe yakan tsage ya ruɓe. Ka shanya rassan bisa tabarma a inuwa, don rana tana ɓata launin ganye. In sun bushe ka kakkaɓe, ka zuba a buhu.

Sa'an nan ka koma ga kututturen. Zuba masa tsohon taki, ba ɗanye ba. Da rani ka riƙa ba shi ruwa sau ɗaya a mako. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, su kam ba su san na maƙwabci ba. Ba da daɗewa ba za ka ga sabon toho.

A Sojat, cikin ƙasar Indiya, gona guda ake yi ta lalle. Kowace shekara sai a yanke shi, ya sake tohowa, har shekara 20 ko fiye.

Yanzu ɗauki fensir. Rubuta taki. Rubuta taƙi. Dubi kan harafin da kyau. Wanne ake zuba wa lalle? Wanne ake awo da shi?