Zaɓen Bukin Kiɗa da Waƙa

Gesheme gari ne na ƙasar Arewa, cikin gundumar Tibiri, jihar Dosso. Yana cikin Dallol Mawri, ba nisa da iyakar Nijeriya. Mutanen garin manoma ne. Suna noman hatsi da dawa da wake da gujiya. Suna kuma son kiɗa. Ranar suna ko ranar aure ana jin kalangu da ganga. A filin kokowa makaɗa suna zuga ƴan kokowa. Da dare wani ya ɗauki gurmi, wani ya ɗauki goge.

Sauran ƙabilu ma kowace da irin kiɗanta. Akwai garuruwan da makaɗa da mawaƙa ke taruwa kwana biyu ko uku ko fiye, jama'a su zo kallo daga nesa. Wannan taro shi ake ce ma buki. Bukukuwan suna da yawa, manomi ba ya iya zuwa duka. Kuɗin tafiyarsa daga rumbu suke fitowa, rumbun nan kuwa shi ke ciyar da gida har wata kaka. Saboda haka dole ya zaɓa. Mai hankali yakan yi ma kansa tambayoyi huɗu tun bai ɗaure kaya ba.

1. Wane kiɗa ake son ji?

Mai son kiɗan makiyaya sai ya nufi Ingal, cikin jihar Agadas. Can ake bukin lasar gishiri. Abzinawa da Fulani suna kawo dabbobinsu su sha ruwan gishiri. Matan Abzinawa suna kaɗa tande, wato turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, maza suna kewaya su bisa raƙuma. Samarin Woɗaɓe suna jeruwa, sun sha kwalliya, suna waƙa da rawar gerewol.

A birnin Agadas akwai bukin Biyanu. Unguwanni suna fitowa da tambura da ƙananan ganguna, suna zagaya gari. Gaba da Agadas, cikin duwatsun Abzin, akwai garin Iferwan. A shekarar 2001 aka fara bukin Abzin a can. Nan ake jin imzad, gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, wanda mata ke kaɗawa. Nan kuma ake jin gitar samarin sahara.

Mai son ya ga makaɗan jihohin Nijar suna gwada gwaninta sai ya nemi gasar Ɗan Gurmu. An fara ta a 1987. An sa mata sunan wani shahararren makaɗi na ƙasar Tawa.

A ƙetaren iyaka akwai Argungu, cikin ƙasar Kabi. Tun 1934 ake bukin kamun kifi a can. Masunta suna faɗawa kogin Matan Fada da gora da koma, makaɗa na cikin kwale-kwale suna kiɗa. Ana kuma kokowa da dambe. A ƙasar Mali, a birnin Segu, an fara wani babban buki bakin kogin Kwara a 2005. Can ake jin kora da balafo, makaɗa na zuwa daga ƙasashe da yawa.

2. Yaushe ake yi?

Wannan tambaya ta fi damun manomi. Bukin Ingal a watan Satumba ake yinsa, ƙarshen damana. Lokacin ya yi ma makiyayi daidai. A Gesheme kuwa lokacin ne hatsi ke nuna. Tsuntsaye suna sauka gona, girbi ya matso. Wanda ya bar gonarsa a Satumba ya tafi kallo, yana iya komowa ya tarar da ɓarna.

Biyanu yana bin watan Musulunci. A farkon shekara ake yinsa, wajen Ashura. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka. Don haka Biyanu yana zagayawa: wani zubin ya faɗo cikin rani, wani zubin cikin damana. Sai an duba kalanda.

Bukin Segu a watan Fabrairu aka saba yinsa. Na Argungu kuwa Fabrairu ko Maris. A lokacin an gama girbi, an ɗaure damma, an cika rumbu. Ɗan makaranta shi ma da nasa lissafi: ba ya tafiya sai cikin hutu, kuma tare da babba.

3. Ina hanya, ina guzuri?

Daga Dogondutsi zuwa Tawa ana bi ta Birnin Ƙonni. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Daga Dogondutsi zuwa Agadas kuwa ta fi kilomita 600. Segu ta fi kilomita 1000, kuma wata ƙasa ce. Argungu ita ta fi kusa da Gesheme, amma sai an ƙetare iyaka. Ana bukatar katin ɗan ƙasa. Ana kuma canjin kuɗi, domin a can naira ake kashewa, a Nijar sefa.

Matafiyi yana lissafa abu uku: kuɗin mota zuwa da komowa, kuɗin abinci, da wurin kwana. Kuɗin komowa yakan ƙulle su dabam, ba ya taɓa su. Idan yana da dangi ko mai masauki a garin, nauyi ya ragu. Idan tafiyar rani ce zuwa arewacin ƙasa, sai ya riƙe bargo, gama ɗarin sahara ba wasa ba ne.

4. Ana yi bana? Hanya lafiya?

Buki yana iya tsayawa. A Mali an fara bukin sahara a 2001, daga baya aka maido shi kusa da Tambutu. Ya yi suna a duniya. Bayan na farkon 2012 yaƙi ya tashi, bukin ya tsaya. Na Argungu ma, bayan na 2009 sai a 2020 aka sake yinsa. Iyaka ita ma tana rufuwa. An rufe iyakar Nijar da Nijeriya a watan Agusta na 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024.

Saboda haka ba a dogara ga labarin bara. Ana sauraren rediyo. Ana tambayar direbobi a tasha da fataken da suka fito can. Ana buga ma dangi waya. Idan hukuma ta ce hanya ba lafiya, sai a zauna gida. Matambayi ba ya ɓata.

Misali

A ce samari shida na wani ƙauye kusa da Gesheme sun tara kuɗi, suna son zuwa buki. Suka je wurin tsohon makaɗin garinsu neman shawara.

Na farko ya ce: «Baba, Ingal muke so, mu ga gerewol.»

Tsoho ya ce: «To, ɗana. Wa za ya kore maka tsuntsaye? Wa za ya yi maka girbi?»

Na biyu ya ce: «Baba, to mu je Segu. Lokacin ba aikin gona.»

Tsoho ya ce: «Gaskiyarka. Ƙirga kuɗinku mu ji.»

Aka ƙirga. Kuɗin za su kai mutum biyu, ba za su maido ko ɗaya ba. Wani ya ce a ƙara sayar da hatsi. Tsoho ya girgiza kai ya ce: «Hatsin rumbu na yara ne da mata. Kiɗa ba ya cika ciki ranar da abinci ya ƙare.»

Sarkin samari ya ce: «Baba, Argungu fa? Kusa ce, rani ne, kuma ina da kawu a can.»

Tsoho ya ce: «Uku sun cika, saura ɗaya. Ka kira kawunka, ka ji ko ana yi bana. Ku je tasha ku tambayi labarin iyaka. In an ce lafiya, Allah ya kiyaye hanya. In ba haka ba, ku aje kuɗinku sai baɗi.»

Samari suka yi godiya. Tsoho ya ƙara da cewa in sun je su buɗe kunne da kyau. Su dubi yadda makaɗan Kabi ke riƙe kalangu. Su gaida manyan makaɗa kafin su yi masu tambaya. Kada su yi ma kiɗan wani dariya don ba su saba da shi ba. In sun komo, su koya ma ƙannensu abin da suka jiyo.

Abin tunawa

Bukin da ya dace shi ne wanda kiɗansa ya yi ma mutum, lokacinsa bai ɓata aikin gona ko karatu ba, kuɗinsa ba su taɓa abincin gida ba, hanyarsa kuma lafiya take.

Kalmomi

Tande: turmin da aka mayar ganga.
Imzad: gogen matan Abzinawa.
Tsirkiya: zaren da aka ɗaure ma goge ko gurmi, wanda ke ba da amo.
Koma: abin kamun kifi na saƙa.
Guzuri: abinci da kuɗin da matafiyi ke riƙewa.

Tambayoyi

1. Waɗanne kayan kiɗa ake ji a Gesheme?
2. Don me watan Satumba ya yi ma makiyayi daidai, bai yi ma manomi ba?
3. Me ya sa lokacin Biyanu ke sauyawa kowace shekara?
4. Shekara nawa ne daga 1934 zuwa 2020?
5. Me ya sa tsoho ya hana a ƙara sayar da hatsi?

Lissafi

Jika ɗaya dala 200 ce. A ce samarin nan shida sun tara jika 48. Kowane ɗaya za ya biya dala 500 na zuwa, dala 500 na komowa. Jika nawa za su rage masu na abinci?

Aiki

Ku dubi taswirar Nijar, ku nuna Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Tawa, Ingal da Agadas. Ku je wurin wani makaɗi na garinku, ku gaishe shi, ku tambaye shi sunan kayan kiɗansa da abin da aka yi su da shi. Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar.